Tsara Foldar Tarayya da Izinin Shiga a Na'urar Ajiya ta NAS

Ofisoshin ikilisiya da dama sun sayi na'urar ajiya da ake kira NAS, wasu kuma kyauta aka ba su. Abin da muka fi gani in mun kai ziyara shi ne, na'urar tana kan kabad tana ƙyafta fitila, an buɗe folda guda ɗaya a cikinta, kowa yana zuba abin da ya ga dama, kuma kalmar sirri ɗaya ce a hannun sakatare da ma'aji da yaron da ke haɗa kayan sauti. A cikin wannan folda ɗin akwai hotunan bikin girbi, akwai takardar albashin ma'aikata, akwai kuma rahoton zaman dattawa a kan auren da ke tangal-tangal. Duk wanda ya shiga neman hoto yana iya karanta rahoton, yana kuma iya goge takardar albashin bisa kuskure.

Wannan bayani domin 'yan'uwan da aka ɗora wa kula da irin wannan na'ura ne, da shugabannin da za su yanke shawarar wa zai ga me. Ƙa'idar da za mu bi daga farko har ƙarshe ita ce a ba muƙami izini, kada a ba mutum. Mutane suna zuwa suna tafiya, ana zaɓe, ana canja wa fasto wurin aiki, amma kujerar ma'aji tana nan.

Mece ce NAS

Ƙaramin akwati ne mai ɗauke da faifan ajiya biyu ko huɗu ko fiye, ana haɗa shi da rautar ofis ta waya. Duk kwamfutar da ke kan wannan rauta, ta waya ko ta Wi-Fi, tana iya isa gare shi. Ba ya bukatar intanet kafin ya yi aiki a cikin ofis, saboda haka ko data ta ƙare ana ci gaba da buɗe fayiloli. Kamfanonin da aka fi sani su ne Synology da QNAP, dukansu na ƙasar Taiwan. Akwai kuma TrueNAS, manhajar da masu sani ke ɗora wa kwamfuta su mai da ita ma'ajiya.

Za mu bi tsarin Synology, wanda manhajarsa ake kira DSM, musamman DSM 7 da ta fito a 2021. Allonta ba ya zuwa da Hausa, shi ya sa za mu riƙa faɗin sunayen maɓallan yadda aka rubuta su. Mai QNAP zai tarar da kusan abu ɗaya, sunaye ne kawai suka ɗan bambanta. Ana shiga DSM ta burauza: a rubuta adireshin na'urar, misali 192.168.1.20, a bi shi da :5001. Tun ranar farko a sa rauta ta riƙe wa na'urar adireshi guda wanda ba ya canjawa. In ba haka ba, wata rana za a ɗauke wuta a dawo da ita, rauta ta ba ta sabon adireshi, kwamfutocin ofis su neme ta su rasa.

Takarda da biro tukuna

Kafin a taɓa na'urar, shugaban ofis da sakatare da ma'aji su zauna da takarda. Tambayoyi uku ne: waɗanne irin takardu muke ajiyewa, wa yake bukatar ganinsu don aikinsa, wa yake bukatar gyara su. Kalmar "bukata" ce mai muhimmanci a nan. Girman mutum ko shekarunsa ba su ne ma'auni ba. Dattijon da ba ya cikin kwamitin kuɗi ba a rage masa daraja ba don ba ya buɗe foldar kuɗi. Yana da kyau a faɗi wannan a fili a zaman majalisa, a kuma rubuta shi cikin rahoton zaman, domin kada daga baya laifin ya faɗa a kan matashin da ya danna maɓalli kawai.

Ga ofis matsakaici, folda biyar sun isa. Ta farko mu kira ta Kowa: sanarwa, jadawalin sujada, takardun cikewa, littattafan koyarwa. Ta biyu Ofis: wasiƙu, rahoton zama, rajistar membobi, ta baftisma da ta ɗaurin aure. Ta uku Kudi: baiko, albashi, rasit, takardun banki. Ta huɗu Sirri: maganar horo, shawarwarin aure, duk abin da mutum ya faɗa bisa amana. Ta biyar Hotuna: hoto, bidiyo, da sautin da aka naɗa, waɗanda su ne za su cinye mafi yawan wuri.

Mun rubuta Kudi ba tare da ƙugiya ba da gangan. Na'urar tana karɓar ɗ da ƙ, amma tsohuwar sikana ko tsohuwar kwamfuta tana iya mai da su wasu alamu marasa ma'ana. A sunan babbar folda a yi amfani da baƙaƙe na yau da kullum, gajere, ba tazara a tsakiya. DSM ba ta karɓar sunan da ya wuce baƙaƙe 32, kuma sunaye irin su home da homes nata ne, ba ta bari a ɗauka.

Wani zai ce, me ya hana a yi babbar folda ɗaya a yanka ta gida-gida a ciki? Dalili shi ne kwandon shara, da kullewa, da iyakar girma, da ɗaukar hoton yanayi, duk a kan babbar folda ake saita su, ba a kan ƙananan da ke cikinta ba. Abin da sirrinsa ya bambanta, a ba shi babbar folda tasa.

Rukuni kafin mutum

A cikin Control Panel akwai sashen User & Group. A fara da rukuni, kada a fara da mutane. A buɗe rukuni don kowane aiki: sakatariya, kudi, odita, makiyaya, hotuna. Bayan nan a buɗe wa kowane mutum sunan shiga nasa da kalmar sirrinsa, a saka shi cikin rukunin da ya dace. Mutum ɗaya yana iya zama cikin rukuni biyu ko uku.

Amfanin wannan yana fitowa ne ranar canji. In an zaɓi sabon ma'aji, ana cire tsohon daga rukunin kudi a saka sabon, minti ɗaya an gama. Amma in da sunan mutum aka yi ta ba da izini a folda bakwai da ƙananan foldoji ashirin, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a ce ba a manta da wata ba.

Kada a buɗe suna ɗaya na gayya, irin "ofis", wanda mutum biyar ke amfani da shi. Na'urar tana iya rubuta wanda ya buɗe fayil, da wanda ya goge shi, da lokacin da aka yi, in an kunna rajistar a sashen SMB da ke File Services, ana kuma karanta ta a Log Center. Idan sunan gayya ne, rajistar za ta ce "ofis" ne ya goge, shi ke nan sai zargi da kallon juna. Suna na kowa da kowa yana kare mai gaskiya fiye da yadda yake kama mai laifi.

Ga wanda ya zo aiki na ɗan lokaci, kamar ɗalibin da aka turo koyon aiki ko mai binciken kuɗi na ƙarshen shekara, DSM tana ba da damar sa ranar da sunansa zai daina aiki da kansa. A sa ranar tun lokacin buɗewa. Sunan guest kuma a bar shi a kashe.

Matakan izini uku, da tarkon da ke cikinsu

A kan kowace babbar folda, kowane rukuni ko mutum yana iya samun ɗaya cikin uku. Read only shi ne karatu kawai: ya buɗe, ya kwafa, amma ba ya gyarawa ba ya gogewa. Read/Write shi ne karatu da rubutu, kuma a lura cewa rubutu ya haɗa da gogewa da canja suna. No access shi ne hani. Akwai kuma hali na huɗu da mutane ba su cika lura da shi ba: a bar akwatunan uku duka babu alama. Wanda ba a ba shi komai ba, ba ya shiga.

Idan mutum yana cikin rukuni biyu masu izini daban, na'urar tana bin wannan jeri: hani ya rinjayi komai, sai karatu da rubutu, sai karatu kawai. Wato wanda rukuni ɗaya ya ba shi karatu, ɗayan ya ba shi rubutu, zai sami rubutu. Amma in ɗaya daga cikin rukunan ya ce hani, ƙofa ta rufe, ko da an ba shi cikakken izini da sunansa.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗawa. Akwai rukunin da na'urar ta zo da shi mai suna users, kuma duk sunan da aka buɗe yana cikinsa, ba a iya cire kowa. Mai saiti yakan yi tunani mai kyau: bari in hana kowa shiga Kudi, sa'an nan in buɗe wa ma'aji. Sai ya sa hani a kan users, ya ba rukunin kudi karatu da rubutu. Ma'aji ya zo ya tarar a rufe, domin shi ma yana cikin users, kuma hani ya rinjayi izininsa. Mun taɓa ganin an kwashe yini guda a wani ofis ana canja kalmar sirri, ana kashe na'ura ana kunnawa, har aka fara cewa faifan ne ya lalace, alhali alama ɗaya ce a akwatin da bai kamata ba. Maganin shi ne a bar layin users babu alama ko ɗaya, a ba rukunin kudi nasa izinin, a tsaya nan.

Shawararmu ita ce a guji maɓallin hani gaba ɗaya sai in babu makawa. Tsarin da aka gina a kan bayarwa yana da sauƙin karantawa: ana duba folda a ga waɗanda aka ba. Tsarin da aka cakuɗa bayarwa da hani, bayan shekara biyu ko wanda ya yi shi ba zai iya bayyana shi ba.

Bisa misalinmu, Kowa za ta zama karatu kawai ga users, karatu da rubutu ga sakatariya. Ofis ta sakatariya ce da makiyaya. Kudi karatu da rubutu ga rukunin kudi, karatu kawai ga odita. Ko shugaban ofis ya kamata ya ga Kudi? A ganinmu i, amma karatu kawai. Wannan kariya ce gare shi: ranar da lissafi ya ƙi daidaita, ba mai cewa hannunsa ya taɓa littafin. Sirri ta makiyaya ce su kaɗai. Hotuna kuma masu kayan sauti da ɗaukar hoto su rubuta, sauran su kalla.

Akwai wani izini dabam da ake mantawa da shi, wato na hanyar shiga. A DSM 7, a shafin Applications na kowane suna ko rukuni, ana zaɓar ko zai iya amfani da SMB, ko File Station, ko sauransu. Wanda aka hana shi SMB ba zai buɗe folda daga kwamfutarsa ba, ko da izinin foldar daidai yake.

Buɗe foldar da kanta

A Control Panel a shiga Shared Folder, a danna Create. Bayan suna, za a ga wasu akwatuna da suka cancanci a tsaya a kansu.

Kwandon shara, wato Recycle Bin, a kunna shi a kowace folda. Fayilin da aka goge daga na'urar ta kwamfuta ba ya zuwa kwandon sharar kwamfutar, ɓacewa yake yi, sai in wannan yana kunne. In yana kunne, fayilin yana komawa wata ƙaramar folda mai suna #recycle. Akwai akwatin da ke cewa masu kula ne kaɗai za su shiga kwandon. A Kudi da Ofis a sa masa alama, domin kada wanda ya goge abu ya bi shi can ya ƙarasa shi. A kuma sa jadawalin kwashe shara, misali abin da ya wuce kwana 60, in ba haka ba bidiyon da aka goge za su cika faifan a ɓoye.

Akwai akwatin ɓoye foldar daga jerin da kwamfutoci ke gani. Wannan labule ne kawai, ba kwaɗo ba: wanda ya san sunan, kuma yana da izini, zai rubuta ya shiga. Akwatin da ke kusa da shi, mai ɓoye ƙananan foldoji da fayiloli daga wanda ba shi da izini a kansu, ya fi amfani. Sunan fayil kaɗai yana iya tona asiri. In mutum ya ga fayil mai suna "horon wane", ya riga ya san labarin ko bai buɗe ba. Shi ya sa ma muke ba da shawarar a riƙa sa wa irin waɗannan fayiloli lamba da shekara maimakon sunan mutum.

Idan an tsara faifan da tsarin Btrfs, wanda yawancin na'urorin Synology na ofis ke karɓa, za a ga zaɓin data checksum, mai gano fayilin da ya fara lalacewa a kan faifai. Lokacin buɗe folda kaɗai ake iya kunna shi, ba a komawa daga baya. A kunna shi a Ofis da Kudi da Sirri. A nan kuma ake sa iyakar girma. Hotuna ce ke bukatar iyaka, domin bidiyon babban taro ɗaya yana iya fin takardun shekara goma nauyi, kuma in faifai ya cika, ma'aji ma ba zai iya ajiye komai ba.

Sai kullewa, wato Encryption. Folda mai kulle, ko an sace na'urar an cire faifan, ba a karanta abin da ke ciki sai da mabuɗin. Ya dace da Sirri da Kudi. Amma a san nauyinsa: in mabuɗin ya ɓata, abin da ke ciki ya tafi, kamfanin da ya ƙera na'urar ma ba zai dawo da shi ba. A rubuta shi a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Sunan fayil a irin wannan folda ba ya wuce baƙaƙen boko 143, kuma bayan an kashe na'ura an kunna sai an sake buɗe kullen, sai dai in an saita ta ta buɗe da kanta.

Ƙananan foldoji

Wani lokaci babbar folda ba ta isa ba. Misali a cikin Kowa ana son zumuntar mata da matasa da ƙungiyar mawaƙa kowa ya sami ɗakinsa da zai rubuta, sauran su karanta kawai. Ana yin wannan a File Station: a danna dama a kan ƙaramar foldar, a zaɓi Properties, sai Permission, a ƙara rukunin a ba shi rubutu.

Ƙaramar folda tana gādon izinin uwarta, fayil kuma yana gādon na foldar da aka haife shi a ciki. Ƙara izini a ƙasa abu ne mai sauƙi. Ragewa ne ke da wuya, domin sai an yanke gādon tukuna, kuma daga ranar duk canjin da aka yi a sama ba ya sauka wurin. Kuma dole mutum ya sami aƙalla karatu a kan uwar kafin ya bi ta ya isa 'yar. Saboda haka kada a wuce hawa ɗaya. In an ga ana bukatar izini na musamman a hawa na uku ko na huɗu, alama ce cewa abin yana son babbar folda tasa.

A kuma kula da bambancin kwafa da matsarwa. Fayilin da aka kwafa yana ɗaukar izinin sabon wurinsa. Wanda aka ja aka matsar a cikin babbar folda ɗaya yana iya tafiya da tsohon izininsa. In takarda ta ƙi buɗuwa ga wanda ya kamata, ko ta buɗu ga wanda bai kamata ba, a fara tambaya daga ina aka kawo ta. A wannan shafi na Permission akwai Permission Inspector, inda ake zaɓar sunan mutum a ga ainihin abin da zai iya yi bayan an haɗa dukan rukunansa.

Akwai kuma ɗakin kowane mutum. In an kunna User Home, kowa yana samun folda mai suna home wadda shi kaɗai ke gani. Dukansu suna zaune ne cikin wata babba mai suna homes, wadda masu kula ke gani. Kada a taɓa izinin homes. Kuma kada takardar aiki ta zauna a home: ranar da mai ita ya tafi, magajinsa ba zai same ta ba.

Haɗa kwamfutoci

A Windows ana buɗe File Explorer a rubuta \\192.168.1.20\Ofis, a sa suna da kalmar sirri. Ana iya ba foldar harafi, kamar Z, ta riƙa fitowa kullum. A Mac ana rubuta smb://192.168.1.20 a Finder. A waya akwai manhajar DS file.

Windows tana da wata ɗabi'a da ke rikita ofis mai kwamfuta ɗaya: ba ta yarda mutum ɗaya ya shiga na'ura ɗaya da suna biyu a lokaci guda, kuma tana riƙe sunan da aka fara sawa in an ce ta tuna. Sakatare ya shiga da safe, ma'aji ya zauna da rana, sai Kudi ta ƙi buɗuwa, domin har yanzu kwamfutar da sunan sakatare take magana. Abin da ya fi muni shi ne akasin haka, ma'aji ya tashi ya bar sunansa ga duk wanda ya zauna bayansa. Gyaran gaggawa shi ne a goge sunan a Credential Manager a fita a sake shiga. Gyara na dindindin shi ne kowa ya sami nasa sunan a kan Windows ɗin kanta, ya kuma kulle allo in zai tashi.

Tsofaffin na'urorin fotokwafi da sikana masu tura takarda kai tsaye cikin folda sukan nemi tsohon yare na SMB1. DSM 7 ta zo da shi a kashe, kuma da dalili: ta raunin SMB1 ne cutar WannaCry ta bazu a kwamfutocin duniya a watan Mayu 2017. Kada a kunna shi don sikana ɗaya. In ta karɓi sabuntawa a sabunta ta, in ba ta karɓa ba a riƙa ɗauka da filas. In kuwa tana iya SMB2, a buɗe mata suna nata, da folda ɗaya tak da za ta rubuta a ciki.

Mai kula da na'urar

Dole mu faɗi wannan ba ɓoye-ɓoye: wanda ke cikin rukunin administrators yana iya ba kansa izinin kowace folda. Ko ba a sa shi cikin makiyaya ba, danna biyu ya isa ya shiga Sirri, kuma kulle ba ya hana shi muddin foldar tana buɗe a lokacin. Saboda haka zaɓen mai kula maganar amana ce kafin ta zama maganar iya kwamfuta. Masu kula su zama biyu, kada su kai biyar, kada kuma ya zama ɗaya wanda in ya yi tafiya ko ya yi fushi ofis ya tsaya. Kowannensu ya riƙe suna biyu: na aikin yau da kullum, da na kulawa wanda ba ya amfani da shi sai zai canja saiti. A kunna masa shiga mai mataki biyu, a kunna Auto Block mai toshe wanda ya yi ta gwada kalmar sirri ba daidai ba, sunan admin na asali kuma a bar shi a kashe.

Daga nan ne muke ganin cewa akwai abin da bai kamata ya shiga na'urar ba sam. Abin da mutum ya faɗa wa makiyayi cikin hawaye a ɗakin shawara, in ba dole ba ne a rubuta shi, kada a rubuta. In dole ne, a taƙaita. A Najeriya, dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta lissafta addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu bukatar kulawa ta musamman, rajistar membobi kuwa cike take da irinsu, ga sunaye da lambobin waya da unguwanni. A wasu yankunanmu ba sai an yi dogon bayani ba a kan abin da zai iya faruwa in irin wannan jeri ya faɗa hannun da bai dace ba.

Abin da izini ba ya yi

Izini yana rage masu iya ɓarna, amma wanda ke da rubutu yana iya gogewa, kuma cutar da ta kama kwamfutarsa tana aiki da izininsa. Manhajar garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da sunansa ke iya rubutawa, ta nemi kuɗin fansa. Wannan ƙarin dalili ne na ba da karatu kawai a duk inda ya isa.

Faifai biyu masu kwafin juna, wato RAID 1, suna kare ofis daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Faifai biyu masu TB 4 kowanne suna ba da wurin TB 4, kuma abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Abin da ke dawo da jiya shi ne hoton yanayi, ta manhajar Snapshot Replication a kan Btrfs, wadda ke riƙe yadda folda take a wani lokaci, a koma can in an yi ɓarna. Abin da ke tsira daga gobara ko sata kuwa kwafi ne a waje: Hyper Backup ta zuba a faifan USB, a riƙa musanya biyu, ɗaya yana kwana a wani gini dabam. Kwafin Sirri da Kudi shi ma a kulle shi, in ba haka ba duk wahalar izinin ta tashi a banza ranar da faifan ya faɗi daga jakar wani.

Kada a buɗe wa na'urar ƙofa kai tsaye zuwa intanet ta rauta, musamman ƙofa ta 445 da SMB ke bi. SynoLocker a 2014, Qlocker a 2021 da DeadBolt a 2022 duk na'urorin da ke fuskantar intanet suka kama. In ana bukatar shiga daga gida, a bi ta VPN. Wuta kuma, mun san halinmu. A haɗa na'urar da UPS mai wayar USB, domin ta ji an ɗauke wuta ta rufe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta ne faifai ke yawan samun rauni.

Ranar miƙa aiki

In ma'aikaci ya bar kujera, a ranar za a cire shi daga rukunin, ba bayan bikin ban kwana ba. A kashe sunansa, kada a goge shi tukuna, domin goge suna yana tafiya da foldar home ta mai shi. A duba ko akwai takardar aiki a ciki a mayar inda ta dace, bayan wata uku sai a goge. In mai kula ne ya tafi, a canja kalmar sirrin rauta da ta Wi-Fi, a kuma duba hanyoyin rabawa da ya taɓa aika wa mutane daga File Station, domin suna iya ci gaba da aiki in ba a sa musu ranar ƙarewa ba.

Bayan kowane canji a gwada. A shiga da sunan sabon ma'aji a ga Kudi ta buɗu, a ajiye fayil a goge. Sa'an nan a shiga da sunan wani daga masu hotuna a nemi Kudi da Sirri, a tabbata sun ƙi. Gwaji na biyun ne aka fi tsallakewa, domin wanda aka rufe wa ƙofa bisa kuskure zai zo ya yi ƙara da kansa, wanda aka buɗe wa bisa kuskure kuwa ba lalle ya faɗa ba.

Takardar nan da aka zana a zaman farko, mai nuna foldoji da rukunai da izininsu, a sabunta ta, a sa kwanan wata, a haɗa ta cikin takardun miƙa aiki tare da ambulan mai mabuɗin kulle. Sau ɗaya a shekara, lokacin binciken kuɗi ya fi dacewa, masu kula biyu su buɗe User & Group su karanta sunayen da ke cikin kowane rukuni da babbar murya a gaban sakatare, a cire duk wanda ba ya kan kujerar.